Yadda Ake Kaiwa Kujerar Babban Manajan Jigilar Kaya

A kowane babban kamfanin siminti, taki, abinci ko magani, akwai mutum guda da ake bugo wa waya da tsakar dare idan tirela ta faɗi a hanyar Mokwa, ko kwantena ta maƙale a Apapa kuɗin jinkiri na ta hawa. Shi ne babban manajan jigila. Abin da ke damuna shi ne, muna da matasa a Kano da Kaduna da Maraɗi da suka san aikin nan ciki da waje, amma sun tsaya a ma'ajin sito ko mai kula da motoci, ana ɗauko musu shugaba daga wani wuri. Ga hanyar da nake ganin ta fi ɓullewa.

Da farko, ka zauna a ƙasa ka san aikin da hannunka. Ka iya ƙirgar kaya a sito, ka san takardar rakiyar kaya, ka tsaya a wurin lodi tare da 'yan dako, ka hau mota ko sau ɗaya ne daga Legas zuwa Kano. Manajan da bai san inda direba ke kwana ba, da abin da ake karɓa a shingayen hanya, duk abin da aka faɗa masa shi zai sa wa hannu.

Mataki na biyu shi ne ke raba wanda zai hau da wanda zai tsaya: lissafi. Daga yau ka buɗe shafi a Excel ka riƙa rubuta abu huɗu game da kowace tafiya. Nawa aka kashe a kan tan ɗaya, kwana nawa motar ta yi kafin ta dawo, lita nawa ta sha na gas, buhu nawa ya ɓace ko ya lalace. Bayan wata shida za ka fara ganin abin da mai kamfanin kansa bai gani ba. Misali, motar da ta kawo kaya Kano ta koma kudu fayau, rabin gas ɗinta asara ne. In ka nemo mata lodin riɗi ko zoɓo daga Dawanau, ka rage kuɗin tafiyar, kuma kana da rubutacciyar shaida. Manyan shugabanni ba su cika tambayar ko ka gaji ba. Naira nawa ka ceto suke son ji. In kamfaninku na amfani da manhajar SAP, ka matsa wa wanda ya iya ta har ya koya maka, domin manyan kamfanoni da dama da ita suke tafiyar da sito da saye.

Na uku, takardar shaidar karatu. Ƙwarewa kaɗai ba ta wuce teburin masu tace takardun neman aiki. Cibiyar koyar da fasahar sufuri ta NITT da ke Zariya, wadda aka kafa a 1986, tana da kwasa-kwasan difloma da na gajeren zango ga ma'aikata. Ka kuma yi rajista da CILT, ƙungiyar ƙwararrun jigila da sufuri, ko CIPS, ƙungiyar ƙwararrun sayo wa kamfani kaya, idan ɓangaren saye ka fi karkata. Ɗaya ta isa a fara da ita.

Na huɗu, ka koyi harkar kwastam. Wanda ya san mota kawai rabin aikin ya sani. Ka fahimci yadda ake buɗe Form M, wato takardar neman shigo da kaya daga waje, a banki, yadda PAAR, wato rahoton kwastam na kimanta harajin kaya, ke fitowa, da ranar da kamfanin jirgin ruwa ke fara cajin jinkirin kwantena. Yanzu ba sai ka tare a Legas ba: an buɗe tashar sauke kaya ta tudu a Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa kuma a 2024. Ka je ka yi abota da wakilan da ke fitar wa mutane da kaya daga hannun kwastam a can, ka bi kwantena guda daga farko har ta fita ƙofa.

Ina ayyukan suke? A cikin gida akwai Dangote a Obajana, BUA a Sakkwato, masana'antun Sharaɗa da Bompai, da kamfanonin sarrafa shinkafa. Akwai kuma ƙungiyoyin agaji a Maiduguri, inda Hukumar Abinci ta Duniya (WFP) ke jagorantar tsarin jigilar kayan taimako. Guraben irin waɗannan a shafin ReliefWeb aka fi sa su. Amma ka ɗaga kai ka duba maƙwabta. Nijar da Chadi ba su da teku. Kayan Chadi ta tashar ruwan Duwala da ke Kamaru suke bi, na Nijar kuwa ta Kwatano suka saba bi, har rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya karkatar da yawancinsu ta Lome da Burkina Faso. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Bahaushen da ya ƙara Faransanci a kan Turancinsa zai iya magana da direba a Jibiya, da jami'in kwastam a Ɗan Issa ta Nijar, da ofishi a Abuja, duk a yini ɗaya. Irinsa ba su da yawa, don haka ka fara darasin Faransanci tun yanzu.

In ka zo rubuta takardar bayanin aikinka, ka bar dogon jerin nauye-nauyen da aka ɗora maka. Ka rubuta motoci nawa ka riƙe, mutum nawa ke ƙarƙashinka, kwana nawa ka rage a tafiya, daga shafin nan da ka daɗe kana cikawa. Kada ka ƙara ko sifili ɗaya, domin a wurin ganawa za su tono shi. Za su kuma tambaye ka abin da za ka yi in ka kama direban da ya daɗe da kamfani yana sayar da gas, don haka ka shirya amsar da ta haɗa hukunci da gyaran tsarin da ya ba shi ƙofa. Duk wanda ya nemi ka biya kuɗi kafin a kira ka ganawa, ɗan damfara ne, ka rufe wayarka.