Kurakuran 'yan rakiyar asibiti idan mutum ya fara cewa ya gaji da duniya

A Makka da Jidda da wuya ka samu gidan Hausawa da babu wanda ake turawa rakiyar asibiti: mai jin Larabci, mai igama (takardar izinin zama a Saudiyya) a hannu, wanda ya san ƙofar mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa. Na daɗe ina wannan hidima, kuma na gaji da ganin sababbin 'yan rakiya suna maimaita ɓarna iri ɗaya a inda rai yake.

Wani nazari da aka buga a 2002, wanda ya tattara bincike 40, ya nuna kusan kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka kashe kansu sun ga likitan yau da kullum cikin wata guda kafin rasuwarsu. Waɗanda suka je wajen likitan ƙwaƙwalwa a wannan watan kuwa kusan ɗaya cikin biyar ne kawai. Wani binciken da aka yi a Amurka a 2014 ya samu kashi 83 sun taka asibiti a shekararsu ta ƙarshe. Ashe mutumin yana zuwa. Da ciwon kai yake zuwa, da rashin barci, da zafin ƙirji, mu kuma muna zaune a gefensa.

Babban kuskure shi ne amsa wa mara lafiya tambayar da aka yi masa. Likita ya ce, yaya barci, yaya zuciya, tun bakin yarinya bai buɗe ba ɗan rakiya ya ce, "Alhamdu lillah, kai ne kawai ke damunta." Alhali a mota ta gaya maka gara ta huta da duniyar nan. Wa ya ba ka izinin tace maganarta? An turo ka ka isar da abin da ta faɗa ne, mai daɗi da marar daɗi. Na sani, rufin asiri kake nema wa gidan. To likita minti kaɗan gare shi, abin da ka ba shi da shi zai yi aiki, sai ya rubuta Panadol ku kama hanya. Kuma in kai yayanta ne ko surukinta, kunya ba za ta bar ta ta yi magana a gabanka ba. Fita ka ba su wuri, ko ka nemo mace ta shiga da ita, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ni tun a hanya nake tambaya, ba ƙumbiya-ƙumbiya: "Kina tunanin kashe kanki?" Mutanenmu suna tsoron wai tambayar ce za ta sa mata tunanin a rai. An bincika wannan sau da yawa, ba haka ba ne. Yawanci ajiyar zuciya nake ji, sai magana ta biyo baya.

Na biyu shi ne wanda har yau yake ƙona min rai: ɗaukar takardar sallama a matsayin waraka. Wani matashi maƙwabcinmu wajen Shara Mansur a Makka an kwantar da shi bayan ya yi yunƙurin kashe kansa. Ranar da aka sallamo shi aka dafa shinkafa, aka yi addu'a, kawunsa ya ce maganar nan an binne ta, kada wanda ya ƙara tayar da ita. Takardar ranar komawa asibiti tana kan firiji, an ɗora mata kwalbar habbatus sauda. Ranar ta zo ta wuce, kowa yana wajen nema. Wata bai cika ba muka raka shi maƙabartar Shara'i. Ni na kai shi asibiti da farko, kuma yaron kamar ƙane yake a wurina.

Jama'a, makonnin farko bayan sallama su ne mafi haɗari, musamman makon farko, kuma haɗarin yana nan da nauyinsa har wata uku. Yunƙurin baya shi ne babbar alamar wani zai iya biyo baya. A asibiti akwai masu sa ido dare da rana. A gida bashin nan yana nan, rigimar kafili (ubangidan da igamarsa take ƙarƙashin sunansa) tana nan, ga kunyar idon mutane ta ƙaru. Yanzu ba na barin asibiti sai an rubuta mana ranar dawowa, kuma ina naci ta zama cikin mako guda. Washegari in kira, jibi in je da ƙafata. Kada ku raina wannan. A San Faransisko, a shekarun 1970, likita Jerome Motto ya riƙa aika gajerun wasiƙun gaisuwa ga waɗanda aka sallama suka ƙi ci gaba da magani, kuma a shekaru biyun farko mutuwa ta fi ƙaranci a cikin waɗanda suka samu wasiƙun. Saƙon murya na WhatsApp nawa zai ci maka?

Sauran a gurguje. Maganin damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a ga amfaninsa, don haka kada a watsar da shi a kwana biyar, kuma a ƙara sa ido a farkon shan sa, balle ga 'yan ƙasa da shekara 25. Kada a miƙa masa ledar magani gaba ɗaya. Ni uwar gida nake ba wa ta kulle, tana ba shi na kullum. Ruƙiya da Zamzam a yi, ni ma ina yi, amma in malam ya ce a ajiye maganin asibiti, kada a yarda. Wa'azin wuta a lokacin da mutum yake cikin wannan hali rufe masa baki kawai yake yi. In ya riga ya sha wani abu, ba madara, ba sa shi amai, a kira motar asibiti a 997 ko a wuce sashen gaggawa ko da yana tafiya da ƙafarsa, domin wasu magungunan sai bayan kwana biyu ko uku ɓarnarsu a hanta take bayyana.

Sai masu cewa ba shi da igama, ana tsoron tarhil, wato a kama shi a mayar da shi gida. Na san tsoron gaskiya ne, amma wanda aka mayar Kano yana nan da ransa, uwarsa tana ganin sa. In dare ne kuma kun rasa ta inda za ku fara, lambar Ma'aikatar Lafiya 937 tana aiki dare da rana. Wani ya kira, wani ya zauna da shi, kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki.