Yadda za ka zana fuska da biro irin salon masu karce jan ƙarfe na Faransa

Ciro naira 200 daga aljihu ka ƙura wa fuskar Sardauna ido, za ka ga ba shafe aka yi ba, layuka ne zalla sirara-sirara. To wanga salon ya daɗe. A Faransa wajen 1760 zuwa 1790 masu zane irin su Cochin da Saint-Aubin a kan farantin jan ƙarfe suke karcewa da wani ɗan ƙarfe mai tsini, su cusa tawada cikin karcen su goge saman sannan su danna takarda. Kai dai baƙin biro da takarda mai kauri sun ishe ka.

Fara da fensir, kifa murfin kwano ka zagaye shi, cikin da'irar nan za ka sa kan mutumin ta gefe kamar kan sarki a jikin tsohon sule. Daga kuɗin Rumawa suka kwaiko wannan, don tun da aka fara tono Pompeii, tsohon garin Rumawa da aman dutse ya binne a Italiya, a 1748 kowa ya rikice da kayan mutanen da.

Sai ka rage ado. Nan ne mu 'yan Gusau za mu sha wuya, don mu in babu babbar riga da aiki har ciki ai hoto bai yi ba. Su kuwa lokacin masana falsafa irin su Diderot ne, ana ta cewa hankali da hujja su ne gaba da sarauta da gado, shi ya sa goshi da ido da haɓa su ke ɗauke da hoton, rigar ko oho. Duba hoton Benjamin Franklin, wakilin Amurka a Faransa a lokacin, da Saint-Aubin ya karce a 1777, hular gashi da tabarau kawai, babu gashin kanti irin na fadawa.

Inuwa kuma kar ka cuɗa, jera layukan a tsanake suna bin lanƙwasar kunci, in kana son duhu ka gitta wasu a karkace ba a miƙe ba, in bai isa ba ka ɗiga ɗigo a tsakiyar kowane ɗan gida. Inda haske ya faɗo bar shi fari tas. Duk layin da ba ka san dalilinsa ba kar ka ja shi, biro ba ya goguwa.

Suna a ƙasa da manyan baƙaƙe marasa kwalliya. Kuma ka aje 'yar takarda gefe kana goge bakin biron, zafin nan namu na sa shi amai.