Yadda ake yi wa tattabaru rigakafin cutar salmonela

In kashin tattabaru ya koma kore mai yauƙi, gaɓar fiffike ta kumbura har tsuntsu ya kasa tashi, 'yan shila na macewa tun a sheƙa, to a yi zargin salmonela, cutar da ƙwayar bakteriya ke kawowa. Ta kashi take yaɗuwa, ɓeraye kuma na taimaka mata, ga shi Legas ba a rasa ɓera da danshi.

Rigakafi ba magani ba ne, lafiyayyu ake yi wa. Don haka fara kai kashinsu wurin likitan dabbobi a gwada. In akwai cutar, a gama magani tukuna. Ka haƙura da allurar lokacin da suke kwanci ko zubar da gashi.

Wajen saye, nemi wadda aka yi domin tattabaru, mai lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya. Ta kaji ba ɗaya ba ce da ita. A nan ne masu kiwo da yawa ke tafka asara: allurar tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma ba a barin ta ta daskare. Wanda ya jefa kwalba a aljihu, ya kwashe awa biyu a gosulo kafin ya isa Agege ko Idi-Araba, ruwa kawai ya kawo gida. Tafi da kula (akwatin riƙe sanyi) mai ƙanƙara a ciki, ka naɗe kwalbar a tsumma don kada ta taɓa ƙanƙarar. In wutar unguwarku ba tabbas, saye ranar da za ka yi aiki.

Sai ku zama mutum biyu, da sanyin safiya. Ɗaya ya riƙe tsuntsu, ya miƙe masa wuya. Kai kuma ka girgiza kwalba, ka ɗaga fatar bayan wuya can ƙasa kusa da kafaɗa, ka soka allura ƙarƙashin fata, bakinta na fuskantar wutsiya. Kada ka yi kusa da kai, jijiyoyin jini sun yi yawa a wurin. Awo ya danganta da kamfani, wata mililita 0.2, wata 0.5, sai ka bi takardar kwalbar, har da girman da 'yan shila za su kai kafin a yi musu da ranar maimaici.

Duk gidan za a yi wa, kada a bar ko ɗaya. Ɗan kumburi a wurin allura ko kasalar kwana biyu ba abin tashin hankali ba ne. In ka soki yatsarka, garzaya asibiti da kwalbar.

Sabuwar tattabarar da ka sayo a kasuwa, ware ta kamar wata guda kafin ta shiga cikin sauran.