Kafin ka mayar da birkin kekenka na faifai, duba hannun birki

'Yan uwa masu keke, ba kowane hannun birki ne ke tafiya da birkin faifai ba.

In mai waya za ka saka, hannu iri biyu ne. Na V-brake, wato birkin da ke matse gefen rim, yana jan waya da yawa, kusan ninki biyu na hannun keken tsere. Shi ya dace da birkin faifai samfurin Avid BB7 MTB. Hannun keken tsere kuwa sai BB7 Road ko TRP Spyre, don haka karanta rubutun jikin birkin kafin ka biya.

In ka haɗa hannu da birkin da ba nasa ba, hannu mai gajeren ja, wato na keken tsere, zai taɓo kan keke faifai bai kamu ba. Mai dogon ja zai yi tauri kamar ya kama, amma a gangara keken tafiya yake yi abinsa. Wannan ya fi haɗari, don yana ruɗin mutum.

Birki mai mai da hannunsa yake zuwa, tsohon ajiye shi za ka yi. Kada ka zuba man DOT, irin man birkin mota, a birkin Shimano, robobin ciki za su kumbura.

Firam da fok kuma sai suna da mazaunin birkin, hob, wato cibiyar taya, yana da wurin ɗaura faifai: ramukan ƙusa 6 ko Centerlock, wanda zobe ɗaya ke kulle faifan.