Kurakuran da aka fi yi wajen auna haihuwar taurari da hasken eksire

Tun bayan da aka harba na'urorin hangen nesa na Chandra da XMM-Newton a shekarar 1999, masana suka tabbatar cewa galaksin (wato babban tarin taurari) da ke yawan haifar sababbin taurari ya fi fitar da hasken eksire. Babban tushen hasken shi ne tagwayen taurari, inda baƙin rami ko tauraron niyutron, wato ragowar babban tauraron da ya mutu, ke zuƙar gas daga ƙaton abokin zamansa, kuma da yake manyan taurari ba sa daɗewa, hasken nasu shaida ce ta haihuwar kwanan nan.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗora ma'auni ɗaya na lissafa yawan haihuwar taurari daga hasken eksire a kan kowane galaksi. Ma'aunin da masana Mineo da Gilfanov da Sunyaev suka fitar a 2012 ya dogara ne da galaksi da dama da ke kusa da mu, bai kuma sa yawan ƙarfe cikin lissafi ba. A bakin masana taurari, ƙarfe na nufin duk sinadarin da ya fi haidirojin da hiliyom nauyi, har da oksijin, kuma ɗalibai kan tuntuɓe tun daga nan. Tauraron da ƙarfensa ya yi ƙaranci ba ya zubar da nauyinsa sosai ta hanyar iskar da ke busowa daga jikinsa, saboda haka yakan bar baƙin rami mai nauyi, tagwayen kuma su fi haske. Wanda ya auna ƙaramin galaksi irin I Zwicky 18, mai ƙarancin ƙarfe ƙwarai, da ma'aunin gama-gari, zai zaci haihuwar ta ninka yadda take. Gyaran shi ne a fara auna oksijin ɗin galaksin kafin a taɓa lissafin eksire.

Akwai kuma masu mantawa da tsofaffin tagwaye masu ƙaramin abokin zama, waɗanda haskensu ke bin nauyin taurarin galaksin gaba ɗaya. Dole a cire rabonsu, haka ma hasken katafaren baƙin ramin da ke tsakiyar galaksin idan yana cin gas.

A galaksin da haihuwarsa kaɗan ce, tushe ɗaya tak na iya rinjayar hasken duka, don haka a haɗa galaksi da yawa kafin yanke hukunci. Kada kuma a ce kowane tushe mai tsananin haske baƙin rami ne, domin a 2014 na'urar hangen nesa ta NuSTAR ta gano cewa M82 X-2, wani tushe mai tsananin haske a galaksin M82, tauraron niyutron ne.