Babi na Shida: Littafin Kuɗin Gida, Makaranta da Asibiti

Darasi na 1: Jan layi

Iyayena da 'yan'uwana, kowa ya ɗauko littafin rubutu na daban, ban da wanda muke koyon baƙaƙe a ciki. Ku buɗe shafin farko. Ku ja layi huɗu daga sama zuwa ƙasa. Idan babu rula, gefen wani littafin ma ya wadatar. Ku ƙirga gidajen da layukan suka fitar. Biyar ne. Wanda ya sami huɗu ya manta layi ɗaya, ya ƙara, ba wani abu ba ne.

Ku fara daga hagu, wato hannun da ba ku riƙe biro da shi, sai fa bahago. A saman kowane gida ku rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe:

RANA, BAYANI, SHIGA, FITA, BASHI.

A RANA ake sa kwanan wata. A BAYANI ake faɗin abin da ya faru a taƙaice, kamar "magani" ko "kuɗin aiki". Sauran gidaje ukun na lambobi ne kawai, kada kalma ta shiga cikinsu. A misalan babin nan lambobi zalla zan kawo, kowa ya ɗora su a kan kuɗin da yake kashewa.

Wani zai ce ai ya san abin da yake samu, me zai rubuta? Ya san babban, ƙananan ne ke ɓace masa. Tun 1857 wani Bajamushe mai suna Ernst Engel ya bi lissafin gidajen ma'aikata, ya gano cewa duk gidan da samunsa ya fi ƙanƙanta, kason da abinci ke ci a cikin samun ya fi girma. Abin da ya rage bayan ciki shi makaranta da asibiti ke rabawa, kuma a gidan mai ƙaramin ƙarfi ragowar ba ta da yawa. Ita za mu bi sawunta.

Darasi na 2: Inda bashi yake zama

Wannan darasin ku karanta shi a hankali, don a nan aka fi tuntuɓe.

Ran 3 ga wata an biya ku kuɗin aiki, 100. Ku rubuta 3 a RANA, "kuɗin aiki" a BAYANI, 100 a SHIGA. Kowa yana iya wannan.

Ran 5 ga wata yaro ya kwana da zazzaɓi, kuɗin hannu an riga an ware su, kuka ranto 30 kuka sayi magani. Ina za ku rubuta 30 ɗin da kuka ranto? Ku tsaya, kada ku yi sauri. Hannu zai so ya kai ta SHIGA, tunda kuɗi sun shigo aljihu. Ku hana shi. Gidanta BASHI ne, gida na biyar, na ƙarshe a dama. Sannan ku sauko layi na gaba ku rubuta "magani", ku sa 30 a FITA. Layi biyu ke nan: ɗaya na rance, ɗaya na magani.

Ga abin da ke faruwa idan aka sa rance a SHIGA. Ƙarshen wata mutum ya tara ya ga 130, ya ɗauka samunsa ke nan, ya tsara wata mai zuwa a kan 130. Alhali 100 ya samu, kuma daga cikinta 30 ta mai bashi ce. Ya yi wa kansa ƙarya da hannunsa, bai sani ba.

Mu sake. Kun karɓi kaya a wurin mai sayarwa, na 15, kuka ce sai ƙarshen wata. Ba ku taɓa kuɗi ba ko kaɗan. Duk da haka 15 a FITA, domin gida ya yi amfani da kayan, 15 kuma a BASHI, domin ba a biya ba. SHIGA ba ruwanta.

Mu sake kuma. Ɗan'uwa ya ba ku 20. Ku tambayi kanku tambaya ɗaya: zan mayar? Idan kyauta ce, SHIGA. Idan za a mayar, ko da bayan shekara ne, ko da ya ce "sai ka samu", BASHI. Zan mayar? Eh. BASHI. Ku faɗa da baki kafin biro ya taɓa takarda.

Ranar da kuka biya, ku ja layi ɗaya a kan lambar da ke BASHI, ku rubuta kwanan wata kusa da ita. Kada ku sake sa ta a FITA, kun riga kun rubuta maganin tun ran 5. Idan an ɗora muku ƙari a kan rancen, kuka ci 30 kuka biya 35, to 5 ɗin nan kaɗai ce ke zuwa FITA, da bayani "ƙarin bashi".

Wanda ya kuskure kada ya yage shafin. Ya soke lambar, ya mayar da ita gidanta. Masu sokewa su suka fi saurin iyawa, na sha ganin haka. Amma don Allah, manya da ku, a daina kawo mini littafi da rance zaune a SHIGA ana cewa "Malam, ai duk kuɗi ne". Ku je ku faɗa wa mai binku haka ku ji amsarsa.

Aiki: ku rubuta waɗannan a gidajensu. An biya ku 80. Kun ranci 25. Kun karɓi littattafan yara na 10 bashi. An ba ku kyautar 5. Kun biya rancen 25. Idan SHIGA ta wuce 85, rance ya sake kutsawa, ku nemo shi.

Darasi na 3: Kason lafiya

Duk kuɗin da ya fita saboda rashin lafiya ku sa masa harafin L a gefe: magani, gwajin jini, katin asibiti, har kuɗin motar zuwa da dawowa. Kuɗin motar ake mantawa.

Ƙarshen wata ku tara FITA gaba ɗaya. A ce 240 ce. Ku raba ta goma. Hanya mai sauƙi: ku rufe lambar ƙarshe da yatsa, abin da ya rage shi ne amsa, 24. Yanzu ku tara masu L kaɗai. Idan sun haura 24, gidanku ya shiga sahun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kuɗin jinya ya fi ƙarfinsu, domin ma'auninta a 2023 shi ne fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da gida ke kashewa. Babu abin kunya a nan. A 2019 mutanen da ke cikin wannan hali a duniya sun haura biliyan 1.

Ranar da ciwo ya hana ku fita nema, ko kuka zauna jinya, ita ma a rubuta: "ban fita ba, jinya", sai 0 a SHIGA. Mai albashi idan ya kwanta albashinsa na ci gaba da zuwa. Mai neman na yau da yau ciwo sau biyu yake cinsa, ya kashe kuma bai samu ba. Shi ya sa yake jinkirta zuwa asibiti har ƙaramin ciwo ya girma, kuɗinsa ya ninka. Ko a Amurka mai arziki, binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna mazan da suka fi kowa samu suna ɗara waɗanda suka fi kowa talauci tsawon rai da kusan shekara 15.

Idan dole ta sa a rage wani abu, kada a fara da mai ciki da jariri. Kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2, a nan jiki da ƙwaƙwalwa ke ginuwa, abin da aka rasa kuma da wuya a cike shi daga baya. A 2022 yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin miliyan 148 ne suka tsumbure a duniya. Awon ciki da rigakafi ku rubuta ranakunsu a bangon littafin.

Kuma kuɗin maganin da aka ranto, ina yake zama? BASHI. Na san na faɗa.

Darasi na 4: Kason makaranta

Harafin M a gefe. Ko makarantar kyauta ce akwai kayan makaranta, littattafai, biro, kuɗin jarrabawa. Ku tara su.

A shafin ƙarshe ku rubuta sunan kowane yaro, mace da namiji. Ranar da bai je ba ku ja ɗan layi gaban sunansa da dalili. Idan dalilin "aiki" ne ko "babu kuɗi", ku duba wane wata ne, za ku ga ya zo daidai da watan da L ta kumbura. Ku duba kuma sunan wa ya fi tara layuka. Wasunku sun san amsar tun kafin su ƙirga, kuma ba na jin daɗinta.

Ƙasar Meksiko a 1997 da Brazil a 2003 sun fara ba gidajen talakawa kuɗi, galibi a hannun uwa, bisa sharaɗin yara su riƙa zuwa makaranta da asibiti. Idan akwai irin wannan tallafi a inda kuke, ku tambaya, ku tafi da littafinku. Zuwa makaranta kaɗai ba ya isa. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa yara 7 cikin 10 masu shekara 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta. Ku sa yaro ya karanta muku layi biyu da dare, yanzu kuna iya kama shi idan ya yi kuskure.

Darasi na 5: Zama da iyali

Damuwar kuɗi tana hana barci, tana kawo faɗa. Ƙarshen wata miji da mata su zauna su duba littafin tare. A cire FITA daga SHIGA. A karanta BASHI da ƙarfi.

Aiki: ku cika shafi ɗaya. Ku zo da shi aji na gaba, da biro.