Kafin ka zuba riyal ɗinka a littafi

Salam 'yan uwa na Madina, musamman sababbin ɗalibai. Wata shawara ce, don ni na sha kashe kuɗi a banza, in ga bango mai kyau in saya, in zo gida shafi goma bacci ya kwashe ni.

Yanzu abin da nake yi, bayan La'asar sai in shiga laburaren Masallacin Annabi, kyauta ne, kuma ba fiƙihu kaɗai ke ciki ba, akwai tarihi da lugga da tarihin rayuwar malamai. In ɗauko littafi in karanta gabatarwa da fihirisa, idan ya kama ni in rubuta sunan maɗaba'a da na mai tahkiki (wanda ya tantance rubutun littafin), don tsofaffin littattafan nan irin Muƙaddima ta Ibn Khaldun bugu-bugu ne, wani cike da kurakurai wallahi sai ka zaci kai ne baka gane Larabci ba. Na zamani kuwa, kimiyya ko tattalin arziki, kantin littattafai na Jarir zaka leƙa, amma in ba sauri kake ba jira baje kolin littattafai, ana samun ragi.

Kuma a tuna da kilo ranar komawa gida, mujalladi shida sun cinye rabin akwati.